Direba da Injin Maƙwabci

Direba ake kiransa har yau, ko da yake ya daɗe rabonsa da sitiyari. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin katako, sai da gwiwa ta fara yi masa gardama sannan ya miƙa makulli ya dawo gida. Abin da ya tsira da shi, ban da ɗan gidansu a hawa na biyu, shi ne gyambon ciki, ladan shekarun da ya yi yana karya kumallo da baƙin shayi a tsaye.

Likita ce ta ce ya riƙa shan yogot marar sukari. Na kanti bai kwanta masa ba, sai ya koyi haɗa nasa. Da safe zai tafasa madara, ya bar ta ta huce har yatsa ya iya jurewa, ya zuba cokali guda na ragowar jiya, ya juye a fulas ɗin da yake zuwa aiki da shi, ya naɗe da tsohuwar rigar sanyi ya cusa bayan kujera. Kafin la'asar ya kama, fari sol, cokali na tsayawa a ciki. Matarsa takan ce, "Mutumin da bai taɓa dafa ruwan zafi ba, yau shi ke korata daga kicin."

Babbar mai sha kuwa jikarsa ce, 'yar ɗansa, wadda ake ajiyewa a gidan in an tashi makaranta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Tana shigowa za ta yar da jaka ta leƙa bayan kujera. "Kaka, ya yi barcin?" Shi kuma ya ce, "Yi a hankali, kar ki tashe shi." Duk yininsa wannan tambayar yake jira.

Ana nan sai wani tsohon akawu ya tare a gidan da ke kallon nasu. Mutum ne shiru-shiru, shi kaɗai, kullum riga a goge. 'Yarsa ta aiko masa da injin yin yogot, wani farin abu mai murfin gilashi, da ƙananan kwalabe jere a ciki da 'yar fitila ja. Rannan ya bar ƙofa a buɗe, Uwata ta hango fitilar, shi ke nan.

Da farko takan fara shigowa ta gaida Kaka sannan ta tsallaka. Daga baya jakar kawai ake jefowa. Direba yana zaune zai jiyo dariyarta ta bango, ga fulas a bayan kujera ba wanda ya tambayi barcinsa. In ta dawo, baki duk fari, sai labari: Baba Akawu ya bar ta ta danna maɓalli, Baba Akawu ya ce kwalba mai shuɗin murfi tata ce.

"Yaushe ya zama Baba?" in ji Direba.

"To me za ta ce masa?" matarsa ta amsa. "Malam, kishi kake da inji?"

"Ni? Allah Ya sawwaƙe. Abin da lantarki ya dafa ai ba abinci ba ne."

Amma washegari aka gan shi yana wanke kwalaben zuma da ya tsinto a kabad. Ya sa ayaba, ya sa sukari, abin da da can yake cewa lalata yogot ne. Don zumuɗi ya dinga buɗe fulas yana leƙawa har zafin ya fice, abu ya fito tsululu. Uwata ta ɗanɗana, ta dube shi da tausayi ta ce, "Kaka, ko in tambayo maka Baba Akawu yadda ake yi?" Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya koma in sun haɗu da akawun a matakala sai ya amsa gaisuwa a ciki-ciki, yana duban takalminsa.

Wata Asabar yarinyar ta kama hannunsa ta ja, wai sai ya zo ya gani. Ya bi ta yana ƙunƙuni. Falon akawu fes yake, kujera ɗaya, rediyo, hoton wata mata a bango. Mai gidan ya rasa inda zai sa shi don murna, ya ba shi kujerar, ya kawo kwalba da cokali. Direba ya kai baki da niyyar samun aibi. Bai samu ba. Santsi, kauri, tsami daidai. Ya sake kai cokali baki.

"Kai ba ka sha?" ya tambaya.

"Ni madara ba ta zama a cikina," in ji akawu, yana murmushin kunya. "Yarinyar nan dai nake yi wa. In ta buga ƙofa, sai in ji gidan ya zama gida."

Direba ya ji tausayinsa, gaskiya ya ji. Sai dai tausayin bai kori kishin ba, wuri suka raba a ƙirjinsa. Wato mutumin nan da gangan ya ɗana tarko, har da fitila! Da ya koma gida matarsa ta ce, "Yaya?" Ya ce, "Ba laifi, amma ba shi da rai." Uwata ta ce, "Kwalba biyu ya shanye."

Daga nan ya daina ɗaure fuska a matakala. Har yakan aika wa akawu abinci in an yi mai daɗi, amma ta hannun matarsa, kuma yakan kafa sharaɗi: Uwata ta fara shan cokali uku na fulas kafin ta tsallaka. Tana sha tana kallon ƙofa, yana gani, yana haɗiyewa.

Bayan 'yan shekaru ƙafar akawu ta yi nauyi, 'yarsa ta zo ta tafi da shi wani gari. Direba ne ya riƙe masa akwati har bakin mota, ya yi masa addu'a da zuciya ɗaya, ya hau bene yana jin kamar an mayar masa da kayansa. Sai dai a lokacin Uwata ta zama budurwa, ta shiga makarantar kwana, ta ma ce yogot yana sa ta ƙiba.

Yanzu takan bugo waya ranar hutu. Za ta gaishe shi, ta tambayi gwiwa, sannan ta ce, "Kaka, kuna jin labarin Baba Akawu kuwa?"

"Yana nan lafiya," zai ce a gajarce, ya miƙa wa matarsa wayar, ya tashi ya shiga kicin yana jan ƙafa.