Lambar da Baba Ya Sa Muka Haddace

Har yanzu idan waya ta yi ƙara kusa da ni sai gabana ya faɗi. Yau kwana tara ke nan da faruwar abin. Umma ce ta ce in rubuta ko zuciyata za ta lafa, tunda ni ce na gama sakandare a gidan. To ga shi ina rubutawa, ban san ko zai fito daidai ba.

Sai na faro daga lokacin da nake ƙarama. A unguwar Bulumkutu muke, a jihar Borno. Baba dillali ne a Kasuwar Shanu, asalinsa mutumin Kano, amma a nan ya yi aure, a nan aka haife mu, ni da Yaya wanda ya girme ni da shekara shida. A shekarun da gari ya rikice, wata rana aka wayi gari gwamnati ta sa an yanke sabis ɗin waya a duk jihar. Saboda tsaro, aka ce. Ni ban gane komai ba. Abin da na gani kawai, manya suna hawa katanga suna ɗaga waya sama, su sauko rai a ɓace. Idan Baba yana son magana da masu sayen shanunsa na Kudu, sai ya shiga mota ya yi doguwar tafiya har wata jiha. Ba ya tafiya shi kaɗai, da takarda yake tafiya, cike da lambobin maƙwabta da saƙonninsu. Kafin ya dawo da yamma mata sun cika tsakar gidanmu. Ya zauna ya buɗe takardar: wance ta sauka lafiya, wane yana nan da rai, lambar wane ba ta shiga.

Ranar da sabis ya dawo ba zan manta ba. Da yake mutane sun mayar da wayoyinsu tocila da rediyo, yawanci a kunne suke. Muna cin abincin rana sai wayar Baba ta yi ƙara a aljihunsa. Kafin ya ciro ta, ta gidan da ke jikin namu ta ɗauka, sannan ta gaba, sannan ta bayan layi, har unguwar duka ta zama ƙara ɗaya. Saƙonnin watanni suna ta shigowa a jere. Na tsaya da loma a hannu ina kallon sama, ina tambayar kaina ina maganganun nan suka maƙale duk tsawon lokacin nan, kuma wane ne wannan da yake zaune a wani ofis ya ce a rufe bakin gari guda a rufe, ya ce a buɗe a buɗe.

Tun daga ranar Baba ya ɗora mana hadda. Ya ce takarda tana ɓata, waya ana ƙwacewa, amma abin da ke cikin kai sai an cire kan. Kullum da safe bayan mun biya karatu sai mu biya lambarsa. Ba haka kawai ake faɗa ba, da irin muryar da yake kiran farashi a kasuwa ake rerawa, ana buga gwiwa da tafin hannu, a tsaya sau biyu a tsakiya, a rufe da "gidan dillali, bayan injin niƙa." Yaya yana da in'ina, amma idan ya shiga rera lambar nan ko sau ɗaya harshensa ba ya sarƙewa. Ni nakan yi masa tsiya in ce ya riƙa yin duk maganarsa da waƙa mu huta.

Ina aji biyu a sakandare Yaya ya bi wata babbar mota ɗauko shanu ta wajen iyaka. Aka tare su a hanya. Bayan kwana huɗu direban ya dawo a ƙafa, ya ce masu bindiga sun shiga daji da su, shi ya samu ya sulale, bai san inda sauran suke ba. Daga nan Baba bai ƙara kashe wayarsa ba, ko a masallaci sai dai ya rage mata murya. Shekara biyu yana haka ciwo ya kwantar da shi. Ana gobe zai rasu ya miƙa wa Umma wayar ya ce, "Kada ku bari layin nan ya mutu. Shi ne kaɗai layin da yaron nan ya sani."

Umma ta ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya, ƙarƙashin hijabi. Duk Juma'a sai ta sa kati ta kira wayata, ina zaune kusa da ita, in ɗauka mu gaisa kamar ba gida ɗaya muka kwana ba, don kamfani ya ga layin yana aiki. Wani lokaci har dariya muke yi.

Sai aka fara sanarwa a rediyo cewa gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar katin ɗan ƙasa, wanda bai haɗa ba za a rufe masa. An ce don a san mai kowane layi, saboda masu aikata ɓarna da waya. Ni da aka ɗauke wa ɗan'uwa ba zan ce ba su da gaskiya ba. Na haɗa nawa da na Umma. Na Baba ne ya tsaya mana, tunda ya rasu bai yi katin ba. Aka ce mu kawo takardar shaidar rasuwa da ta rantsuwa daga kotu, sai a mayar da layin sunan Umma. Muka yi ta zirga-zirga a keke napep har takardun suka haɗu. Muka je ofishin kamfanin tun da sassafe, muka bi layi a rana, ga tsofaffi ga masu goyo, sai bayan azahar muka kai gaban tebur.

Ma'aikaciyar wata matashiya ce, Hausarta da karin Barebari, mai haƙuri. Ta buga lambar a kwamfuta, ta dubi takardunmu, ta sake duban kwamfutar. Ta juyo mana da fuskar na'urar ta ce, "Mama, wannan ne mijin naki?"

Wani mutum ne siriri mai tsage a kumatu, ba mu taɓa ganinsa ba. Sunan ma ba na Baba ba. Duk shekarun nan lambar da muke rerawa kamar sunan gidanmu, ashe a littafin gwamnati ta wani ce.

Umma ce ta tuna. Baba a wurin mai lema na bakin kasuwa ya sayi layin, wanda ya ce masa an riga an yi rajista, ya sa kawai ya kira. Dillalai da yawa haka suka yi a lokacin, don dillali ba ya barin kasuwa ya je bin layi, kafin ya dawo wani ya sayar da shanunsa. Ma'aikaciyar ta ce babu abin da za ta iya sai mai hoton ya zo da kansa ya ɗora yatsunsa. Umma ta gaya mata labarin Yaya. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce ita ma akwai nata da ba a gani ba, amma na'ura ba ta jin wannan. Ta ƙara gaya mana abin da ban sani ba: lambobi ba su da yawan da muke zato, idan layi ya daɗe a rufe sai kamfani ya sake sayar da lambar ga wani.

Aka fara hana layin kira, daga baya aka hana shi karɓa. Umma ba ta cire wayar daga wuya ba. Duk Juma'a sai ta ce in gwada, in kira, wata murya ta ce lambar ba ta aiki, in ce mata haka, ta ce to. Mun fi shekara a haka.

Wata Juma'a ina wanki ta ce in gwada. Na goge hannu a zani na danna ba tare da na sa rai ba. Sai na ji tana shiga. Wayar Baba tana wuyan Umma shiru, amma lambar Baba tana ƙara a kunnena. Na zauna a bakin baho.

Mace ce ta ɗauka, da Turanci. Ni kuwa Turancin ya gudu, na ce da Hausa, "Wannan layin Babana ne."

Ta yi dariya ta juya Hausa. "Yarinya, layina ne. Da fuskata aka yi rajista, fuskar ma ba ta yi kama da ta baban kowa ba."

A barikin soja ta tashi a Kaduna, a can ta iya Hausa, yanzu busasshen kifi take sayarwa a Fatakwal. Na gaya mata komai. Sannan ta tambaye ni ko Yayan nawa maganarsa tana sarƙewa. Ta ce sau biyu wani ya kira ta da lambar ƙasar waje, yana ta maimaita "Baba ne?" da in'ina. Ta ɗauka 'yan damfara ne, ta zage shi tas, ta ce kada ya ƙara kiran ta.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Yana da rai, ya kira, kuma an kore shi daga ƙofa ɗaya tak da ya sani.

Matar ta gwada bin lambar, sai wani mai shago ya ɗauka da yaren da ba ta ji, mutane ne ke biya su yi kira a wurinsa. Ba abin da ya rage sai jira. Na ba ta lambata. Duk Lahadi idan ta taso daga coci sai ta kira ni: "'Yar Borno, kin ci abinci? Ba labari tukuna." Ta yi ta mita wai an ƙara kuɗin kira, ni da Umma za mu talauta ta, amma ba ta fasa ba. Ta ce yanzu saboda mu kowace baƙuwar lamba sai ta ɗauka da ladabi, har masu talla sun fara zaton tana son su.

Sati biyar muka yi. Ranar Laraba bayan la'asar ina tsince shinkafa ta kira. Muryarta ba irin ta kullum ba.

"Kada ki kashe, kada ki yi ihu. Matsa kusa da Mamanki. Zan haɗa ku."

Ban ma san ana iya haɗa mutum uku a kira ɗaya ba. Na buɗe murya na ajiye wayar a kan tabarma. Muka ji shuu kamar iska, muka ji hayaniyar kasuwar kifi, can ƙarƙashinta kuma wata hayaniyar daban da kukan jaki, sannan numfashin namiji. Ya yi sallama, sallamar ta sarƙe a tsakiya.

Na kama hannun Umma. Ita kuwa fuskarta ba ta motsa ba. An sha yaudarar matan unguwarmu da irin wannan kira, ta sani. Ta amsa sallamar ta ce, "In kai ne, faɗa mini lambar nan yadda Babanku ya koya muku."

Sai muka ji tafi a kan gwiwa. Ya rero ta da muryar kasuwa, ya tsaya inda ake tsayawa, sau biyu, ba sarƙewa ko ɗaya. Muryar ta yi kauri, ta tsufa, amma da ya kai "gidan dillali, bayan injin niƙa" sai na ji kamar Baba ne ya shigo zaure. A can Fatakwal matar tana kuka tana kiran sunan Allah da yarenta. Ni ina kallon 'yar wayar nan a kan tabarma, kusa da farantin shinkafa, gari uku a cikinta, ƙasa biyu, da mutumin da muka yi shekaru ba mu san ko a yi masa addu'ar rai ko ta mamaci ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ke kama mutum idan ya ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsa.

Ya ce ya kuɓuta tun bara, yana wani gari a hayin iyaka, yana yi wa wani kiwo, ba shi da takarda ko ɗaya. Ya faɗi sunan garin, na rubuta da gawayi a bango. Sannan ya ce, "Umma, ina Baba? Me ya sa layinsa yake hannun wata?"

Umma ta dafe jakar da ke wuyanta. Ta ce, "Babanka ya riga mu. Ya riƙe maka layin har ranar da ya tafi. Mu ne ya kuɓuce mana."

Muka ji mai shagon yana yi masa magana, alamar lokacinsa ya ƙare. A nan hankalina ya dawo. Na ce Yaya ka saurara, na rera masa lambata da muryar Baba, ina buga gwiwa. Ya biya, ya yi kuskure a ƙarshe, na gyara masa. Muna cikin ta uku kiran ya yanke.

Ban sani ba ko lambar ta zauna masa. Kawu, ƙanin Umma, ya kama hanyar garin tun shekaranjiya da hoton Yaya na makaranta. Matar Fatakwal ta ce ko wayarta za ta faɗa ruwa sai ta je ta karɓo lambar nan, ba za ta bari ta mutu ba, kuma duk sati za ta yi kira da ita. Har yanzu ban taɓa ganin fuskarta ba.

A daren ranar ban iya cin abinci ba, washegari ma haka. Da safe Umma ta ciro wayar Baba daga jakar, ta goge ta da gefen zani ta sa a akwati. Ta miƙo hannu ta karɓi tawa ta sa a jakar ta rataya. Yanzu idan ƙawata ta kira, sai Umma ta duba ta ga ba lambar waje ba ce, ta miƙo mini ta ce in yi sauri, kada in tare hanya.