Askar Kamaru Wanzam

A Kwarin Ɗorawa, can gefen Shanono, da wuya ka sami magidancin da askar Kamaru Wanzam ba ta bi ta kansa ba. Shi ya yi mana askin suna, shi ya cire mana beli, shi ya yi mana kaciya. Siriri ne, mai saurin tafiya, zabirarsa kullum a rataye ko da ta'aziyya zai je. In ya kama kanka sai ya yi ta zuba, kuma zancen ɗaya ne: wata rana zai je Makka, ya yi wa alhazai aski a Mina da askar ubansa. Mun ji wannan magana har ta gundure mu.

Da injin aski ya cika kasuwar Shanono, samari suka daina zuwa wurinsa, sai ya ce lokaci ya yi. Ya sayar da gonar gadonsa ta bakin rafi, wadda ita ce cin gidan, ya biya kujera. Matarsa Hure ta yi kuka, ta yi magiya, ya ce mata wanda ya je ɗakin Allah ba ya taɓewa. Tare suka yi shiri da Ɗan'auta mai awon hatsi, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun suna kiwon awaki.

A wurin bita an gargaɗe su kada kowa ya shiga jirgi da wuƙa ko makami. Kamaru ya ji, ya gyaɗa kai. Ko kusa bai kawo a ransa cewa da shi ake ba. Abin da ake ɗora wa jariri a ka ranar suna, ta ina ya zama makami?

Bai ɓoye askar ba, kuma wannan ne ke ƙona mini rai har yau. Ranar tashi na'urar duba kaya ta ƙi aiki, layi ya yi tsawo, jirgi na jira. Da hannunsa ya miƙa wa jami'in da ke bakin ƙofa zabirar. Jami'in ya jinjina ta, bai ko buɗe ba.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Kayan sana'a ne, ɗana."

"To wuce, Baba. Ka dai saka mu a addu'a a gaban Ka'aba."

Haka aska mai kaifi ta shiga jirgin da ke cike da mutane, saboda wani yana son addu'a kyauta.

Sun yi nisa a sama aka sanar cewa an kusa miƙati, kowa ya shirya ɗaura niyya. Ɗan'auta ya shafa gashin bakinsa ya ce, "Kamaru, ka ga na manta ban rage wannan ba, in na yi niyya kuwa shi ke nan. Ɗan gyara mini mana."

Daɗi ya kama Kamaru. Ya zaro askar, ya goga ta a tafin hannu, ya miƙe tsaye, ya kama haɓar abokinsa ya ɗaga sama kamar yadda ya saba. Ya gama gefe ɗaya ke nan wata ma'aikaciyar jirgi ta ɓullo. Baƙuwa ce, ba ta taɓa ganin wanzami ba. Abin da ta gani shi ne mutum a tsaye da ƙarfe tsirara a kan maƙogwaron wani. Ta kurma ihu, jirgi ya rikice da salati, ƙarti suka yi wa Kamaru rubdugu. A wajen ƙwace askar suka karya masa yatsun hannun dama, sannan suka ɗaure shi tamau a kujerar baya.

Aka kawo tafinta, aka tambayi Ɗan'auta abin da ya faru. Ya dubi yadda aka ɗaure Kamaru, ya tuna tasa kujerar. Sai ya ja gefen haraminsa ya rufe rabin gashin bakin da aka aske.

"Ni dai na ga aska a wuyana," in ji shi.

Kamaru ya taka ƙasa mai tsarki, wannan kam ba a hana shi ba. Daga matakalar jirgi zuwa motar da ta ɗauke shi. Aka juyo da shi gida a matsayin wanda ya yi yunƙurin fashin jirgi, aka tsare shi har damina ta wuce. Da aka rasa abin kamawa a kansa aka sake shi, tare da gaya masa kada ya sake tunkarar jirgi. Shi kuwa jami'in mai son addu'a, ko sunansa ba mu ji ba.

Ya dawo da kai tal-tal, an kwashe masa da inji a inda aka tsare shi. Tun daga bakin tasha aka fara: "Alhaji, har an yi askin Mina?" Garinmu ba ya raina abin dariya. Sunan Alhajin Aska ya bi shi, mata suka daina kai masa jarirai, wai ba a san abin da ke kansa ba. Yatsun ma sun ɗore a karkace, ba sa riƙe aska. Hure ta koma surfe a gidajen mutane. Alhaji Ɗan'auta kuwa ya dawo da haƙorin Makka, kuma duk sanda ya ba da labarin sai askar ta ƙara tsawo.

Abu ɗaya Kamaru ya yi ta nema har ya kwanta ciwon ajali: abokinsa ya faɗa a gaban mutane cewa shi ya ce a gyara masa. Bara da jikin ya yi tsanani ya aiki 'yarsa Muhsina ta roƙo Ɗan'auta ya zo. Alhaji Ɗan'auta ya zo da liman da dattawan unguwa, ɗakin ya cika. Kamaru ya yunƙura ya ɗago kai.

"Ɗan'auta, don girman Allah, gaya musu yadda aka yi a jirgi."

Ɗan'auta ya durƙusa, ya kama hannun nan mai karkatattun yatsu, ya ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Kada ka damu, Kamaru. Na yafe maka duniya da lahira."

Liman ya ce Allah ya yi wa Alhaji albarka, irin wannan zuciya ba kowa ke da ita ba. Dattawa suka amsa da amin. Kamaru ya mayar da kansa kan matashi, ya juya fuskarsa bango.