Taɓaryar da Inna ta ɓoye

Ina alwalar la'asar yatsana ya ci karo da wani ƙullutu a ƙasan haɓata, mai tauri kamar gurjiya. Ba ya zafi, amma na nuna wa Inna.

Daga Dudunni aka kai ni asibitin Kankiya, su kuma suka tura mu birni. Can aka ce ciwon daji ne. Aka yi aiki, sannan duk bayan sati uku mu koma a ɗaura mini ruwan magani. Ko kunu sai da hawaye nake haɗiya, hannuna na dama ya ƙi wuce kafaɗa.

Likitar gashin ƙashi ta ce, "Ƙanwata, in kika kwanta, naman jikinki zai zube. In ya zube, dole a tsayar da magani, ciwon kuwa ba zai jira ki ba. Me kuke da shi mai nauyi a gida?"

Na ce taɓarya. Ta ce to ita zan riƙa ɗagawa kullum.

Safe da yamma ina ɗaga ta a tsakar gida, ina rawar jiki. Haka Gwaggo, yayar Babanmu, ta tarar da ni ran da ta zo dubiya daga Mawashi.

Ta dubi Inna. "Yarinya da ɗinki a wuya kika sa daka? Sannu da imani."

Inna ta karɓe taɓaryar daga hannuna. Ta jefa ta cikin rumbu, ta shimfiɗa mini tabarma. Kwana goma ina kwance ina amsa sannu. Ran da na miƙe zan zaga, gwiwoyina suka lanƙwashe.

Na ce, "Inna, in suka tsayar da maganin, Gwaggo za ta warkar da ni?"

Da kanta Inna ta ɗauko taɓaryar. A ɗaki muka ci gaba, ƙofa a rufe, tana ƙirga mini. Da mun ji sallama sai in zube a tabarma.

A asibiti aka ɗora ni a sikeli, likitar ta ce in tashi daga kujera ba dafawa. Na tashi, da ƙyar. Aka ɗaura ruwan.

Wata biyar bayan nan babban likita ya daɗe yana duban hoton wuyana. Daga ƙarshe ya ɗago. Ya ajiye tabarau.

"Ba mu ga komai ba, 'yata. Kin tsira, sai dai zuwa awo."

Na ce don Allah ya sake faɗa, Inna ba ta ji ba.