Shekarar da Shanu Suka Cinye Mana Aji

Shekarun baya, tun gashin kaina bai fara guduna ba, na yi karatu a wata ƙaramar lakol, wato makarantar boko, ta gwamnati, a wani gari da ke tsakanin Agiye da Gazawa. Asalinta kolej ce, ƙaramar sakandare, sai aka ɗora mata lise, wato babbar sakandare, a kai, mu ne kuma aka fara gwajin da mu. Suna kawai aka ba mu, ko ɗaki ɗaya ba a gina mana ba. Kowace shekara idan an cire gero, iyaye su haɗa kara da itace, a kafa mana rumfa, a jingina allo, shi ke nan an buɗe aji. Haka muka yi ta yi har muka kai ajin ƙarshe, shekarar da za mu zana jarrabawar bak, ta kammala sakandare.

Ba mu da yawa, amma in ka leƙo rumfar nan ka ga yankin gaba ɗaya. Akwai ƴan gari, ƴaƴan ƴan kasuwa, waɗanda kakanninsu daga wajen Katsina suka hauro. Su ne masu zuwa a babur, sun fi sanin abin da ke faruwa a bakin iyaka fiye da abin da ke cikin littafin tarihi. Sai mu ƴan ƙauye, masu zama a gidan mutane. Ranar Juma'a mu tafi gida, ranar Lahadi mu dawo da gumba da ƙuli-ƙuli a buhu, mu yi wa mai masauki ɗibar ruwa da ƴan aikace-aikace a madadin wurin kwana. Ƴan gari suna ce mana ƴan gumba, amma da rana ta yi tsaka su ne farkon miƙo hannu. Ƴan matan ajin kuwa ba su cika hannu ɗaya ba, a gaba suke zama, kuma duk tsoron bakinsu muke yi.

A can baya, kusa da ni, abokina yake zama. Shi kaɗai ne Bafulatani a ajin. Daga ruga yake zuwa a ƙasa, sai ya gama tatsa yake kamo hanya, amma ban taɓa riga shi isowa ba, ni da nake kwana a jikin lakol. Ba shi da surutu. Ni kuwa a lokacin har lauya ake ce mini, don ba a yin gardama a ajin nan ban tsoma baki ba, ko na san zancen ko ban sani ba. Shi ke gyara mini Faransanci, ni kuma ina rama masa baƙar magana, haka muka raba aiki.

Zaman nasa a lakol ba da sauƙi ya samu ba. Baffanninsa duk sun daɗe da yin kudu da dabbobinsu, suna ganin mahaifinsa ya yi asarar ɗan fari. Saboda karatun yaron nan kaɗai mahaifin ya riƙe garkensa a kewayen garin, yana zaman taki. Ga wanda bai sani ba, idan an gama girbi manomi yakan kira mai shanu ya sauka a gonarsa. Shanu su ci karan da ya rage, su bar masa kashinsu ya zama taki, shi kuma ya riƙa aika wa makiyayin da hatsi. Daga wannan gona zuwa waccan, haka suke ƙare rani.

Mai masaukina wani dattijo ne manomi, Baba nake ce masa, gonarsa ce ta yi iyaka da filin lakol. A shekarar aka kawo mana sabon direkta daga Yamai, mutum mai son aiki, har ya fi mu damuwa da jarrabawarmu. Ya ce hayaniyar ƙananan azuzuwa za ta hana mu karatu, ya roƙi Baba a kafa rumfarmu a gefen gonarsa. Baba bai iya cewa a'a ba, ko allura ka roƙe shi sai ya haɗa maka da zare. Ya ce a kafa.

Muna cikin karatu, sanyi ya fara shigowa, mai shela ya zaga gari ya ce mai gari ya saki gonaki, dabbobi na iya shiga ko'ina. Duk mun ji shelar. Mu ƴaƴan manoma mun san ma'anarta tun muna goye, amma ba wanda ya kawo rumfarmu a ransa. Juma'a ta yi, muka ɗauki buhunanmu muka yi ƙauye.

Ranar Litinin da safe muka iso, babu aji. Dirkoki ne kawai a tsaye, sai allo a jingine da darasin ranar Juma'a a jikinsa. Bangon kara duk an cinye shi, rufin ma an jawo shi ƙasa an yi masa kaca-kaca. A ƙarƙashin bencin shugaban ajinmu kuwa an ajiye masa kashin saniya, sabo fil. Wallahi mun yi dariya har da riƙe ciki. Wata daga cikin ƴan matan ta ce ai gara da shanun suka zo, ko ba komai an samu waɗanda suka ƙaru da ajin nan.

Shugaban ajin, ɗan wani mai shago ne, shi bai yi dariya ba. Ya dubi sawun shanun, ya dubi abokina, ya ce, "To ai mun san masu shanu a garin ga."

Nan take dariyar ta ɗauke. Abokina ya sunkuyar da kai. Shi ya riga kowa gane sawun, don a can ƙarshen gonar garkensu yake kwance.

Direkta ya zo ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai. Jarrabawa na matsowa, kara ya yi wuya, ga ajinsa na ƙarshe ya koma fili. Ya ce wannan ɓarna ce ga dukiyar gwamnati, a kira masa mai shanun, in ba haka ba zai sanar da jandarma, jami'an tsaron da ke Agiye. Na tabbata don ya huce ya faɗa. Bai san nauyin kalmar jandarma a kunnen makiyayi ba.

Da aka tashi, abokina ya ja ni gefe. Ya ce, "Babana ba zai jira ba. In anka ambaci jandarma, tashi mukai. Daman baffannina jira su kai."

Na ce, "To kai hwa? Bak ɗin hwa?"

Ya ce, "Ina zan zamna? Inda shanu sunka yi, can ni ka yi."

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru yaron nan yana taka ƙasa safe da yamma, an zo gab da ƙarshe, a ce rumfar kara ce za ta raba shi da karatu. Na koma gida na sami Baba a zaure yana tufka igiya, na zazzage masa labari, lauya ya samu shari'a. Ina cikin kumfar baki na ga ya saki igiyar, ya dafe kai.

Ya ce, "Innalillahi! Ni na yi wannan. Ni na kira shi ya sauka gonata, tun damana munka yi magana. Wallahi na mance da rumfarku."

Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi. Shekarunsa duka a jikin lakol ɗin nan, amma ranar ce ya fara shiga buron direkta, wato ofishinsa, har takalmi ya cire a ƙofa. Bayan gaisuwa ya kira shi da Mushe, wato malam a Faransanci, ya ce, "Mushe, laihin ba na mai shanu ba ne. Gona guda na ba baƙi biyu, ban gaya ma ɗaya zancen ɗaya ba. An saki gonaki, karan da ke tsaye cikin gona na dabba ne, sai in an kewaye shi da ƙaya."

Direkta ya ce, "Amma Baba, wannan aji ne fa!"

Baba ya ce, "Ni na san aji ne, kai ka san aji ne. Saniya ba ta yi lakol ba. In jandarma za a kira, ni za su ɗauka."

Direkta ya dubi tsohon nan da rigar Juma'arsa, yana miƙa kansa a kama, sai ya fashe da dariya. Ya ce shi ma da ya tambaya da an gaya masa, maganar jandarma ta mutu. A makon muka tayar da rumfa. Ƴan gari suka jawo kara a amalanken iyayensu, mu muka saro ƙaya, ƴan matan suka tsaya a kanmu suna cewa mun ɗaure a karkace. Shugaban aji bai iya buɗe baki ya ba da haƙuri ba, amma shi ya fi kowa ɗaukar dami, har wuyansa ya ƙage.

Mu a wurinmu magana ta ƙare. Sai ga abokina ya ce mini mahaifinsa yana nan a kan bakansa, sun fara ɗaure kaya. Ba tsoron jandarma ba ne kuma. Kunya ce. Ya ce ba zai iya bi ta kasuwar garin ana nuna shi, ana cewa ga wanda shanunsa suka cinye makarantar yara ba.

Da yamma muka tafi rugar, ni da Baba. Mahaifin abokina ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Baba ya yi ta lallashi, ya ce duk gari an san laifinsa ne. Mutumin yana ta zane a ƙasa da sandarsa, ba ya cewa komai sai "haka ne". Da Baba ya ga ba zai juyu ba, ya ce, "To aboki, in tahiyar ta zama dole, ka bar mani yaron. Ɗakin da wanga ke kwana ya ishe su. Abin da munka ci shi zai ci."

Mahaifin abokina ya ɗago kai. Ya ce, "Za mu gani." Muka dawo ba mu san matsayarmu ba.

Ranar tashinsu, gari ya fara haske, muka ji sallama a ƙofar zaure. Mahaifin ne, abokina yana bayansa riƙe da tabarma da jakar littattafai. Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma nuna ya damu da shi a gaban mutane. Bai kalle shi ba. Sai ya dubi Baba ya ce, "Ga amana. In kun ga ya yi shiru, ba hushi ya kai ba, haka ya ke."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya juya ya bi shanunsa, bai waiwayo ba.

Ni kuwa murna ta cika ni. Ina ta bubbuga bayan abokina, ina cewa mun ci nasara, har ina tsara yadda za mu raba ɗaki. Shi yana tsaye a ƙofa, yana kallon hanyar kudu har garken ya ɓace. Bayan nan kullum lokacin tatsa sai ya farka, ya fito zaure ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa. Don wauta irin tawa, na ɗauka bitar darasi yake yi a ka, har ina yaba masa ƙoƙari a gaban mutane.

Ya ci bak a shekarar. Lauya kuwa sai da ya maimaita. Yanzu yana koyarwa a wata lakol a wajen Gidan Rumji. Iyayensa sun tsallaka iyaka, can suka zauna, can kuma Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Kafin abokina ya samu labari ya isa, an riga an binne shi.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin abin dariya, kuma har gobe in na tuna Baba a buron direkta sai na murmusa. Sai da na girma na gane cewa a irin lakol ɗinmu ba wanda ya zauna a benci kyauta. Mu ƴan ƙauye mun bar ɗakunan iyayenmu, ƴan matan nan kullum sai sun sha surutun mutane kafin su iso. Amma mu duk Juma'a muna da inda za mu koma. Shi gidansa tashi ya yi ya bar shi a ƙofar zauren wasu. Ina jin tausayinsa yanzu fiye da lokacin, ina kuma jinjina wa mutumin da ya iya juya baya ya tafi don ɗansa ya zauna.

Kwanakin baya na kai masa ziyara, muna shan shayi a ƙofar gidansa, na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sanin zaman da ya yi. Ya girgiza kai ya ce a'a, ko kaɗan. Ya juya kofin a hannunsa, sannan ya ce, "Abu guda ne. Da safen nan na ɗauka sai an gama jarrabawa in bi su. Babana shi ya san ba zan ƙara bin shanu ba. Da na sani, da na raka shi ko zuwa bakin gari."