Hoton Teku Don Inna

Shekarar da maigidana ya fara karatunsa a Jalan Semarak cikin birnin Kuala Lumpur, ni da yara muna zaune a wani ɗan gida a Cheras, idon Inna mahaifiyata ya soma yin hazo. Likita a Kano ya ce a hankali ganin zai yi ta raguwa. Da muka yi waya ba ta yi mini zancen ciwon ba. Cewa ta yi, "Ke da aka ce ruwa ya kewaye ku, ki nuna mini teku mana tun ina gani."

Ni kaina ban taɓa ganinsa ba, don Kuala Lumpur ba ta bakin ruwa. Ranar wata Asabar baban yara ya kai mu bakin teku a Port Dickson, na yi ta ɗaukar hoto da wayata. Ƙanwata ce ke riƙe wa Inna waya a gida, ita ta maido mini da amsa: "Inna ta ce jikokinta dai ta gani, sun tare ruwan da kawunansu. Wai ɗan ruwan da ya leƙo ta gefe bai fi dam ɗin Tiga ba."

Abin ya tsaya mini a rai. Na fara koyon inda ake tsayawa, da yadda ake daidaita layin da ruwa ya haɗu da sama don kada ya karkace. Har na soma jin daɗin abin don kansa.

Sai wata maƙwabciya ta ce bakin tekun Morib ya fi fili. Muka sha doguwar tafiya, muka iske laka shimfiɗe iya ganinka, ƙananan ƙaguwa na ta mulmula yashi. Ruwan ya yi can nesa kamar zare. Na zaci janyewar rani ce irin ta dam ɗinmu.

"Maman yara, tekun ma ya ji za ki zo ya gudu," in ji baban yara. "Mu nemi abinci, makan in ji 'yan ƙasar nan, kawai mu koma."

"Ci abincinka, Malam. Ni ban gama ba."

Wata dattijuwa mai sayar da kwakwa ta nuna mini sama, ta haɗa da ɗan Turancinta: ruwan kullum yana tafiya yana dawowa, kuma ya fi cika idan wata ya cika. Na ce Allah mai iko. Lissafin wata kuwa ba baƙona ba ne, da shi nake azumin tsakiyar wata.

Da watan ya cika muka koma da yamma, ina ɗauke da azumi. Ruwa ya zo har gindin itatuwa. Na kori yara bayana, na tattare gefen hijabina, na shiga har idon sawu. Na jira rana ta sauko daf da ruwa, saboda ƙanwata ta ce haske mai ƙarfi Inna ta fi gani yanzu. Na ɗauka, da rana ta faɗi na sha ruwa, muka yi magariba a masallacin bakin hanya.

Washegari Inna ta kira da kanta. Ta ce ta ga wani ja a tsakiya, sauran duk ya cakuɗe mata, wayar ta yi ƙanƙanta.

Litinin da safe na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Brickfields. Na ce wa mai shagon hoto ya wanke mini hoton mafi girman da injinsa ke iyawa. Ya ce ba zai shiga akwati ba. Na ce ya naɗe shi kamar tabarma, akwai ɗalibar da za ta Kano ranar Alhamis, a hannu za ta riƙe.