Jan Allo a Shagon Gwaggo Taifis

Ƙanwar babana ce, amma duk layin bayan kotu Gwaggo Taifis ake ce mata, har lauyoyi masu furfura. Shekara ashirin da ɗoriya tana shago ɗaya, tsakanin mai walda da mai sayar da ambulan, tana buga wa mutane takardu. Ni kuwa iyakata aji huɗu na sakandare. Makaranta ta gaji da ni, na gaji da ita, muka rabu lafiya. Tun daga nan duk sana'ar da ta kore ni, bencin Gwaggo nake zuwa in huce.

Mutum zai zauna a kujerar robarta, ya rage murya, ya faɗi abin da ko matarsa bai faɗa wa ba. Takardar saki, ƙorafi a kan shugaban ofis, wasiyya, wasiƙar neman taimakon magani. Tana bugawa ba ta kallon fuskarka. Gobe ku haɗu a hanya ta gaishe ka kamar ba ta san komai ba. Na sha gwada ta.

"Gwaggo, me wancan mai babbar motar ya zo bugawa, yake ta gumi haka?"

"Takardar neman aiki ce, ta marasa aikin yi irinka."

Ba ta goge komai daga kwamfutarta, don mutum kan dawo bayan shekara bakwai ya ce takardarsa ta ɓata. Sunan fayil ma ba ta yi masa kwana-kwana: cikakken sunanka da abin da ya kawo ka. Mai gyaran kwamfuta, wanda muke ce wa Injiniya, ya taɓa ba ta shawara ta sayi ɗan akwatin ajiya ta riƙa kwafe komai a ciki. Ta saya. Amma don gudun ɓarayi sai ta ɗaure shi da igiyar takalmi a jikin kwamfutar, wayarsa a jone kullum. A ganinta ta gama tsaro.

Ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo, wai sabon fom ne daga ofishin rajista, duk masu buga takardu su sauke. Ta danna, ba abin da ya buɗe, ta ja tsaki ta ci gaba da aiki. Bayan azahar ina kan benci sai na ji ƙarar madannai ta tsaya. Na leƙa. Allon kwamfutar ya koma ja wur, da agogo a tsakiya yana ƙirga baya. Da guntun Turancina na tsinto maganar: sun kulle komai, sun kwashi kwafi, in ba a biya su cikin kwana uku ba za su watsa a intanet. A ƙasa kuma, don mu yarda ba wasa suke ba, sunayen fayilolin ne suke hawa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Gwaggo, aljanun sun koyi boko."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya allon ya kalli bango. Amma kafin ta juya idona ya riga ya kama layi ɗaya. Sunan babana ne, a gabansa an rubuta: asibiti, ƙoda, kada yara su sani. Na koma benci.

Injiniya ya zo ya duba, ya ɗaga akwatin da igiyarsa.

"Gwaggo, na ce ki kwafe ki cire. Duk abin da yake jone ya kamu."

"To kashe ta mana."

"Kashewa ba za ta dawo da abin da ya riga ya fita ba."

"Su waye? Ina suke, in je in durƙusa musu?"

"Ba su da shago. Ba su ma san ki ba. Dubban mutane suka aika wa, ke kika taka. Abin da suke nema ko shagon kika sayar bai kai ba, kuma ko kin biya ba mai rantse miki sun goge."

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda. Jami'in da muka samu ya rubuta komai tsaf, sannan ya tambaye mu kamannin ɓarawon.

Ranar Laraba ta buɗe shago amma ba ta karɓi aiki ba. Wayar kowa ta yi ƙara sai ta zabura. Mai walda ya kalli tasa ya tuntsire da dariya, na ga jini ya bar fuskar Gwaggo, ashe hoton akuya aka turo masa. Wajen la'asar ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Tashi ka raka ni. Gara su ji daga bakina."

Ba ta buƙatar takarda, sunayen suna kanta. Gida gida, ofis ofis, ni a ƙofa, ita a ciki. Wata malamar asibiti ta rako ta waje, ta zauna a ƙasa dirshan tana cewa mijinta zai gani. Mai babbar motar nan ya yi ta ɗaga murya har maigadinsa ya leƙo, daga ƙarshe ya tambaya a hankali ko akwai sunan matar da yake ɓoyewa a ciki. Gwaggo ta ce akwai. Wani tsohon malamin makaranta ne kaɗai ya yi murna. Ya ce shekara goma yana rubuta ƙorafi ba wanda ya karanta, su watsa, Allah ya yi musu albarka.

Duk wannan yawon, a gida ina kallon Baba a sace. Yadda yake dafa bango in zai tashi. Ƙafarsa da ta daina shiga takalmi, ni da bakina na taɓa tsokanarsa wai ƙiba ce ta fara daga ƙasa.

Shi ta bari ƙarshe. Ranar Juma'a da safe, saura 'yan awoyi agogon ya cika, muka je rumfarsa ta kafinta. Yana goge ƙafar tebur. Ta tsaya ta kasa zama.

"Yaya, amanarka ta fita daga hannuna."

Ta faɗa masa komai. Ya ajiye katakon. Sannan ya ɗago, ba ita ya kalla ba.

"Kai fa, me ya sa yau bakinka ya mutu?"

"Ba komai, Baba."

"Ka gani ke nan."

"Na gani."

Ya gyaɗa kai. "To ka riƙe shi zuwa rana. Ni zan faɗa wa uwarka, ba waya ba." Ya juya wajen Gwaggo. "Ke kuma zauna. Wa ya rage?"

"Kai ne na ƙarshe."

"Da ni ya kamata ki fara. Na fi su saurin haƙura."

Agogon ya cika da rana, muna tsaye mu uku da Injiniya. Ya koma sifili, allon ya ci gaba da zama ja, ba abin da ya faru. Injiniya ya ce wannan ba ya nufin komai. Wasu kan watsa gobe, wasu bayan wata shida, wasu su sayar wa wasu, wasu kuma dama barazana ce kawai. Ba yadda za a yi a sani.

An wanke kwamfutar, ta dawo fayau ba komai a ciki. Gwaggo tana buga takardu har yanzu, sai dai yawanci na neman aiki ne da katin gayyata. Masu rage murya sun ragu. Ni nake kai Baba asibiti sau biyu a sati, kuma in mun dawo nakan biya ta shagon. Kafin in zauna take tambayata, idonta a kan wayar hannuna.

"Ya fito?"

"Bai fito ba tukuna, Gwaggo."

"Sake dubawa."