Karan Damben Iro Bahago

Gidajen da nake gadi a unguwar Al Gharrafa ta birnin Doha suna da fili a bayansu. Idan zafi ya sauka, kowace Juma'a da safe baƙin da ke zaune a ciki sukan fito su buga besbol. Wasa ne da ake jefo wa mutum ƙaramar ƙwallo mai tauri, shi kuma ya make ta da kulki ya ruga a guje. Shekara huɗu ina kallonsa daga ɗakin gadi, har yau ban san yadda ake cin sa ba. Abin da na gane sarai shi ne musun da ke biyo baya. Akwai dattawa biyu, wani Ba'amurke mai tumbi da wani siririn mutumin Japan, waɗanda ba sa tashi daga benci sai sun yi gardama a kan wanda ya fi kowa bugu a tarihin wasan. Wannan ya kawo gwaninsa, wancan ya ce ai allurar ƙarin ƙarfi ake yi masa. Wancan ya kawo nasa, wannan ya ce a zamaninsu har rarake kulki ake yi a cusa wani abu a ciki.

Mumuni, abokin aikina ɗan Zangon Kumasi, shi yake fassara mini, don ya fi ni jin Turancinsu.

"Masta, ka ga mutanen nan? Ba wanda ya ga wasan da idonsa, amma kowa na rantsuwa. Khalas, ya isa haka, su je su ci abinci mana."

Kullum nakan yi dariya. Ran wannan Juma'ar ban yi ba, saboda tun da asuba saƙon murya ya shigo mini daga ɗana Ibrahim, wanda ke gida Najeriya tare da mahaifiyarsa. Shekararsa goma sha tara, ya fara dambe, kuma mako mai zuwa zai shiga fili karo na farko a gaban jama'a. Ga abin da ya ce:

"Baba, don Allah ka ce wa Umma ta ba ni karan Bahago da ke cikin akwatin nan. Kowa ya san ba a taɓa mai bugu irinsa ba. Da shi nake so in shiga."

Kara ita ce igiyar da ɗan dambe ke naɗewa a hannun bugunsa, a kan tsumma. Bahago kuwa shi ne Iro, mahaifin babana, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Na saurari saƙon sau uku a tsaye bakin ƙofa, ga dattawan can suna ta musun abin da aka cusa a cikin kulki. Ba wanda ya faɗo mini a rai sai Kaka.

Gidanmu gidan mahauta ne. Bayan magariba akan kawo kawuna da ƙafafuwan da suka rage a kasuwa, Kaka ta hura wuta a tsakar gida ta zauna babbaka. Tana juya kan akuya a wuta, tana kankare shi da wata guntuwar wuƙa, ƙaurin gashi ya cika gidan har maƙwabta. Mu jikoki mukan kewaye ta, wai tatsuniya muka zo ji, alhali kunnen akuya gasasshe muke jira. Ita ma ta sani. Kaka ba ta yarda da kowa ba a duniyar nan. Nono sai ta sansana, nama sai ta latsa, kuma idan ka kuskura ka ce mata "an ce", sai ta ɗago kai ta tambaye ka wa ya ce, kuma yana wurin ko shi ma ji ya yi. A wurinta na gaji wannan halin, shi ya sa aikin gadi bai taɓa yi mini wuya ba.

A daidai lokacin da muke bakin wuta, babana da ƙannensa suna zaure suna musun dambe. Muna jiyo su. Su fara daga ’yan damben zamaninsu, su koma na da, kowa ya kafe a kan nasa, amma duk inda aka zaga a kan Iro Bahago ake sauka. Babana ya fi kowa iya ba da labarin: yadda aka kawo wa Bahago wani ƙato daga hayin kogi, yadda ya kashe shi a turmin farko, wato ya kai shi ƙasa tun a zagayen farko, da yadda mutumin bai sake shiga fili ba har ya mutu. Kaka, matar Bahago da kanta, ba ta taɓa sa musu baki ba. Tsaki take ja, ta juya kan akuya.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta yi sai daren da musun zaure ya yi zafi. Ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai dai ta nuna ni da wuƙa, don ni take kira maigidanta, ta ce:

"Maigida, rufe bakin nan kar hayaƙi ya shiga. Ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi ba a maimaita masa."

Wai a wani zamani akwai ’yan dambe biyu, Guduma da Tabarya, kogi ya raba garuruwansu, ba su taɓa haɗuwa ba. Mutane suka yi shekaru suna musun wanda ya fi bugu, har ta kai idan aka haɗu a kasuwa mutanen Guduma ba sa sayen nama a teburin mutanen Tabarya. Da abin ya ishi manya, sai aka sa rana bayan girbi a raba gardama. Matar Guduma kuwa ’yar hayin kogi ce. Ta taɓa ganin Tabarya yana dambe tun tana budurwa, ta kuma san mijinta ba zai kai turmi na biyu ba. Ita ce ke murza masa igiya, ita ce ke naɗe masa hannu, abin da sauran ’yan dambe ba sa bari mace ta yi. Ana gobe karawa ta sami kwalba ta fasa, ta niƙa ta a dutsen niƙa har ta zama gari, ta dafa ƙaro ta kwaɓa, ta shafe igiyar da shi, ta shanya a ƙarƙashin gado.

A nan kullum sai wani cikinmu ya tambaya ko Guduma ya sani.

"Namijin da aka naɗe wa hannu bai ji igiya ta canza ba? Kai dai ci kunnenka."

Aka buga kalangu, aka shiga fili. Bugu ɗaya Guduma ya kai wa Tabarya a fuska, jini ya ɓalle, idon hagu ya tafi. Mutanen hayin kogi suka ce ba su yarda ba, naushi yana kumbura fuska ne, ba ya yanka ta. Sarkin dambe ya sa aka warware karan Guduma, ya ce wanda ya murza igiyar ya fito ya ja ta a tsakanin tafukansa, daga wannan bakin zuwa wancan. Matar ta fito. Ta ja igiyar nan tun daga farko har ƙarshe tana murmushi, ta dunƙule hannuwanta, ta cusa su cikin mayafi. Jama'a suka ɗauki sowa. Ba wanda ya ce mata ta buɗe hannu. Daga ranar aka daina musu, aka ce Guduma ya fi kowa bugu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ku tashi, wuta ta mutu."

Mun tsani ƙarshen nan. A sauran tatsuniyoyi mai laifi yakan gamu da gamonsa, a nan kuwa sai a tashi haka kawai. Wata rana na ce mata ai ba a hukunta matar ba. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ce maka? Kana wurin?"

Ina da kamar shekara goma na fara zargi. Idan ta gama babbaka takan buɗe tafukanta ta kanga wa garwashi, kuma a hasken na lura da wasu fararen zane-zane sun ratsa tafukan biyu, a wuri ɗaya, sun bi hanya ɗaya. Na tambaye ta, ta ce wuƙa ce. To ni ɗan mahauta ne. Wuƙa hannun da ke riƙe nama take yanka, ba ta yanka hannu biyu a jere kamar an auna. Na bari sai da ta sake yin tatsuniyar, ana tsakiyar kiɗan kalangu na katse ta.

"Kaka, Guduma da wane hannu yake bugu?"

Wuƙar ta tsaya. Ta daɗe tana kallona ta cikin hayaƙi, ba fushi a fuskarta, kamar ma jira take in ƙara wata tambayar.

"Ban faɗa ba," in ji ta.

Ban ƙara ba. Washegari na je wa babana da maganar a kaikaice, na tambaye shi da wane ido mutumin hayin kogi ya koma gida. Marin da na sha ranar har yau ina jin sa idan na tuna. Amma ba zan ɗora wa mari laifi ba. Gaskiyar ita ce ina son zama jikan Bahago. A makaranta ba a taɓa ni saboda sunan, a kasuwa ana ƙara mini tsoka saboda shi. Ko a nan Doha, a ɗakinmu na unguwar Bin Mahmud inda muke mu shida, na sha cika wa mutane kunne da bugun kakana duk lokacin da aka kunna dambe a waya. Mumuni ya taɓa tambayata ko na gani da idona, na ce masa bai san dambe ba.

Da ciwon ajali ya kama Kaka, ga ’ya’yanta maza uku a raye, amma ni ta sa aka kira. Ta turo mini wani ƙaramin akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ce karan Bahago ne a ciki.

"Kai ne mai yawan tambaya. Riƙe."

Shekara ashirin ke nan. Na kai akwatin ɗakina, na yi aure yana wurina, na ƙaura da shi sau biyu, na bar wa matata Hadiza makullinsa da zan taho Qatar. Ban taɓa buɗe shi ba. Ni da ba na barin motar kawo kaya ta wuce ƙofa sai na leƙa bayanta, ni da nake sa mai gyaran famfo ya zazzage jakarsa a gabana, na kasa ɗaga murfin akwati ɗaya. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Da na tashi aiki ran nan ban koma ɗaki ba, na wuce Corniche, titin bakin teku, na sami benci ina fuskantar jiragen ruwan katako. A nan rana ta faɗi, a gida kuwa da sauranta. Na kira Hadiza.

"Baban Ibrahim, lafiya? Yaron nan ya dame ni da maganar akwati tun safe."

"Yana gida?"

"Ya fita atisaye."

"Buɗe akwatin. Kar ki taɓa abin da ke ciki da hannu, sa muciya ki ɗago shi, ki fita da shi rana."

Na ji ƙarar makulli, na ji takunta zuwa tsakar gida.

"Igiya ce kawai, duk ta yi baƙi ta ƙandare. Me zan gani a jik... Tsaya. Tana ƙyalli. Kamar an barbaɗa mata gishiri. Baban Ibrahim, mene ne wannan?"

Na ce ta mayar ta kulle, zan yi mata bayani.

Na daɗe a kan bencin. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana koya mana kada mu yi ha'inci ne. Da na girma na ɗauka labarin macen da ta rufa wa mijinta asiri ne. Sai a ranar na gane Kaka ba darasi take ba mu ba. Jira take wani ya ce mata ta buɗe hannunta, abin da sarkin dambe bai ce ba, ’ya’yanta ba su ce ba, ni ma da na zo dab da shi na juya. Na ji tausayinta, na ji kunyar kaina. Na kuma tuna mutumin hayin kogi, wanda ko sunansa na gaskiya ban sani ba. A duk musun da aka yi a zaurenmu, ba a taɓa tambayar yadda ya ƙare rayuwarsa da ido ɗaya ba. Yanzu kuma saura kwana bakwai ɗana ya ɗaura igiyar nan ya kai wa ɗan wani a fuska.

Na danna waya na yi masa saƙo. Na ba shi labarin Guduma da Tabarya yadda Kaka ke ba mu, na gaya masa abin da mahaifiyarsa ta gani a rana. Na ce karan nan ba zai ɗaura shi ba. Ya sami sabuwar igiya, ya miƙa wa abokin karawarsa ya shafa ta da hannunsa kafin a naɗa masa. Game da ko Bahago ya fi kowa bugu kuwa, na ce ban sani ba, kuma ba wanda ya sani.

Na ga ya saurara. Aka kira isha'i na je na dawo. Sannan saƙo ya shigo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To Baba, in makaɗa suka tambaye ni kirari, in ce ni jikan wane ne?"

Na ce masa, "Ka ce jikan Asabe ne, matar Bahago. Shekara arba'in tana zaune a gaban wuta kowane dare, igiyar tana ƙarƙashin gadonta, ba ta ƙona ta ba."